Ƙulli Uku na Ƙasar Rafinmu

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. In na zauna majalisarmu ta bakin tasha a Ƙanƙara, tambaya. In na je ta'aziyya Faskari, ana shafa fatiha wani zai matso ya ce, "Injiniya, wai yaya ƙasar Faransa?" Na gaji da cewa Nijar na je, ga ta nan bayan Jibiya. Abokaina na Sabuwa kuwa a waya suke tsare ni, kuma kowa da abin da yake rufe maganarshi: ina takardar da ka je karɓowa? To ga labarin na rubuta, kowa ya karanta ya shafa mani lafiya.

Sai dai ba za ku gane tafiyar ba sai na fara da abin da ya kore ni daga gida. Sunana Lawal, injiniyan hanyoyi da gine-gine ne ni, kuma a wata unguwa bayan Mabai aka haife ni. Tsakaninmu da hanyar kasuwar Ƙanƙara akwai rafi. Da rani yaro ma tsallake shi yake, amma in damina ta zauna sai ya raba mu da duniya kwana biyu, kwana uku. Na ga an ɗauko mai naƙuda a kan gadon kara an tsaya bakin ruwan nan ana kallon juna. Sau biyu na zana kwalbati a wurin, sau biyu mutanenmu suka fito gayya, maza na ɗauko dutse da yashi, mata na jido ruwa. Na farko ya yi damina ɗaya da rabi ya zube. Na biyu ko faɗuwa bai yi da mutunci ba, karkacewa ya yi tsakiyar damina ya zauna a haka. Har lokacin da yake tsaye ma mutane sauka suke daga mashin, su ƙwanƙwasa shi da sanda kafin su hau. Suka raɗa mani suna Injiniya Sai-rani.

Mai unguwa ya kira ni ya ce, "Lawali, jama'a sun ce za su ƙara fitowa sau ɗaya bayan an gama girbi. Sau ɗaya fa. In wannan ya tahi, ko ni ba zan iya buɗe baki in kira gayya ba." Na ce Allah ya ba mu sa'a. Abin da ban gaya mashi ba shi ne har ranar ban san abin da ke kayar da aikin ba. Na ɗora wa siminti laifi, na ɗora wa birkila, na ɗora wa ruwan bana.

Injiniya Bishir, mutumin Sabuwa, abokina tun muna makaranta, shi ya kawo maganar ƙungiya. Ya ce babbar ƙungiyar injiniyoyi da muke ciki ta kowa ce, amma akwai ƙanana na waɗanda suka ƙware a fanni guda: masu hanya, masu gada da dogayen benaye, masu ruwa da madatsai, sai masu ƙasa, waɗanda ba ruwansu da abin da ke sama, abin da gini ya zauna a kai kawai suke bi. Ya ce, "Ciwonka na masu ƙasa ne. Suna taro duk shekara, yau a wannan ƙasa gobe a waccan, bana a Yamai ne. Mu je." Zan faɗi gaskiya, ban yi niyyar zuwa koyon komai ba. Takardar zama ɗan ƙungiya nake so, in sa ta a gilashi in rataye inda kowa zai gani, ko bakin mutane ya mutu. Na shirya jawabi a kan wata magudanar ruwa da na yi a wata kasuwa, wadda har yau ƙalau take, na haɗa da hotuna masu kyau.

Ana gobe tafiya da la'asar sai ga sallamar Baba Dogo. Mahaƙin rijiya ne, asalinsu Maguzawan bayan Mabai, aminin mahaifina ne tun suna samari. Rijiyoyin da ya haƙa daga wajenmu zuwa ƙasar Faskari shi kanshi bai san yawansu ba, kuma duk da tsufa sai ya sunkuya yake shiga zaurena. Sau biyu yana zuwa bakin aikin kwalbatin nan yana ce mani, "Lawali, marmarar nan da ka zauna a kai ba ta zauna kan komai ba." Ni kuma in yi dariya in ce, "Haba Baba, diga ma tsalle take a kanta."

Ya ajiye ƙulli uku a gabana, kowanne a leda, an ɗaure bakinshi da tsumma. Ya ce bara ya haƙa wa wani mai lambu rijiya a gaɓar rafin, ya ajiye abin da ya tarar.

"Na ji za ka wurin manyanku. Ka nuna masu. Mai jan tsumma marmara ce, gaba ɗaya daga bakin rijiya. Mai fari rairayi ne, gaba ɗaya da rabi. Mai baƙi dutse, gaba biyu da rabi. Maimaita in ji."

Da furfurata a gemu na maimaita, har sau biyu, don kunyarshi nake ji. A raina na ce ina isa Katsina zan watsa su a juji. Maiɗakina kuwa da ta ga kayan Baba ne sai ta shimfiɗa su can ƙasan jaka ta jera tufafina a kai, ni kuma na manta da su sarai.

Bishir ya biyo ta Funtuwa da Sheme, bai baro gida ba sai da rana ta ɗaga, kamar yadda kowa ke yi yanzu a hanyoyinmu. Ya kwana wurina, da safe muka hau motar Katsina, mu biyu a kujerar gaba, gwiwata na gaisawa da giya duk sanda direba ya canza. Bishir ya zo da sabuwar kwat ɗinshi a leda, ya hana kowa taɓawa, ya shimfiɗa ta da kanshi a but. Bai lura ba ashe a kan buhun daddawar wata Hajiya ya ɗora ta. Wallahi har muka gama taro, in Bishir ya shigo ɗaki sai ka rantse miyar kuka aka ɗora.

Daga Katsina muka canza mota zuwa Jibiya. A ɓangarenmu na iyaka ba mu daɗe ba. A nasu ɓangaren ne, wurin ma'aikatan kwastan da su suke kira duwan, wani matashi ya zura hannu ƙasan jakata ya zaro ƙullin jan tsumma.

"Mine ne wanga?"

"Ƙasa ce."

"Daga ina?"

"Ƙanƙara."

"Kusa da Zamfara ke nan," ya ce, ya kalli abokin aikinshi. Nan na gane zinariya suke zato. Na ce don Allah su zubar, ba ta da wani amfani. Ya ce abin da ya shigo hannunshi ba ya zubuwa sai babbansu ya gani, babban kuma ya tafi masallaci. Motarmu ta wuce ta bar mu a kan benci, Bishir na yi mani kallon da ba sai na fassara ba.

Babban nasu dattijo ne mai fara'a. Ya sa aka kawo tasa da ruwa, ya ɗebi kaɗan daga kowane ƙulli ya tace yadda masu haƙar zinariya ke yi, ya ɗaga a rana, ko ƙyalli babu. Ya fashe da dariya ya ce, "Kai Katsinawan Najeriya! Mu Katsinawan asali mun bar maku gari mun taho Maraɗi, mun ce ku biyo mu da ƙasarshi?" Ya ɗaure ƙullayen da hannunshi, kowanne da tsummanshi, sannan don ya taimake ni ya rubuta takarda cewa ina ɗauke da ƙasa ƙulli uku, ya buga hatimi. Na yi godiya ban san ya ɗaure ni ba. Daga nan har Yamai duk shingen jandarma da muka tsaya sai sun karanta takardar, kuma sai sun ce a fito da ƙulli uku su gani. Ƙasar da na so zubarwa ta zama abin da in ta ɓata na shiga uku.

A Maraɗi muka sauka gidan Alhaji Ila, wani ɗan kasuwar albasa da Bishir ya sani. In ba don suna ce wa titi gudiro, makaranta kuma lakwal ba, da sai in ce Katsina nake. Tuwon irin namu, furar ma har ta fi tamu nono. Inda muka raba hanya shi ne shayi. Aka miƙo mani ɗan kofi da bai fi kurɓa biyu ba, ɗaci kamar maɗaci, na shanye don kara, na miƙe ina godiya. Alhaji Ila ya riƙe gefen rigata ya ce, "Ina zuwa, Malam? Na ɗaya ka sha. Wanda ya tashi bai sha na uku ba, faɗa muke da shi." Na koma na zauna, kuma lallai na ukun ya yi daɗi. Da safe aka kawo burodinsu dogo mai tauri, na kai mashi cizo irin na burodinmu, sai da dasashina ya yi jini.

Wani kuskuren namu kuma na mota ne. An ce mana bas ɗin Yamai bayan sallar asuba take tashi. Mu da muka saba mota ba ta motsi sai ta cika, kuma ko ta cika sai direba ya je cin abinci, muka tsaya muka karya a natse. Muna isa tasha aka nuna mana ƙurarta. 'Yan kabu-kabu biyu suka ɗauke mu, ni rungume da jakar ƙasa, Bishir rungume da kwat, muka cim mata a shingen fita gari. Abin da ya ba ni mamaki, kujerunmu biyu na nan ba kowa a kai, don lambarsu na jikin tikitinmu. A gida da tuni an sa mutum uku a wurin.

Hanyar doguwa ce, yini guda cur. Mun wuce Ƙonni, mun yi azahar a Dogon Dutsi, muna barin Doso Hausa ta fara ƙaranci, Zabarmanci ya karɓe motar. Saboda yawan fito da ƙullaye a shinge, fasinjoji suka koma kirana Mai Ƙasa. Wata tsohuwa da ke gefena ta jira har aka yi nisa, ta rage murya ta ce, "Ɗana, in na ciwon gwiwa ne ka ɗan sam mani." Na rantse mata ƙasar rafi ce kawai. Ta ce haka masu maganin gaske ke cewa, ta juya mani ƙeya har muka isa.

A Yamai an sauke mu a ɗakunan baƙi na wata makaranta, gado biyu, fanka ɗaya mai kukan tsiya, amma wurin tsaf. Dambun zogale da mu muke ci don marmari, su shi ne abincin rana na sosai, har da masu kwat a layi. Da rana ta take kuwa gari ya mutu, ofis da kanti duk a rufe sai la'asar. Manyan ma'aikatansu in sun haɗu ba hannu kawai suke ba juna ba, goshi suke haɗawa, dama da hagu. Wani ya kawo wa Bishir irin wannan gaisuwa, Bishir ya kauce ta inda bai kamata ba, hularshi ta yi ƙasa.

Taron kanshi ya ba ni mamaki tun daga buɗewa. Ba babban baƙo, ba jiran wani mai girma, ba a ɓata rabin yini ana gabatar da na kan babban tebur ba. Ƙarfe tara aka ce, ƙarfe tara aka fara. Mutanen ba su cika ɗakin ba ma, daga ƙasashe daban-daban, wasu Faransanci wasu Turanci, kowa da abin saurare a kunne tafinta na juya magana. Shugabar ƙungiyar wata dattijuwa ce gajera, Bazabarma, suna ce mata Madam Hadiza, ni dai Hajiya na riƙa ce mata. Ta ji Hausa wurin mahaifiyarta. Da aka tashi shan iska na kai mata takarduna da hotunan magudanata. Ta duba ɗaya bayan ɗaya.

"Aikin ga yana tsaye?"

"Ƙalau, Hajiya. Ko tsaga babu."

"To mi ya kawo shi nan?"

 Ta ce al'adarsu ce tun kafuwar ƙungiyar, duk mai son shiga sai ya tsaya gaban jama'a ya ba da labarin aikin da ya lalace a hannunshi, nashi na kanshi, ba na wani ba. Ta ce ƙasa ba ta nuna halinta a aikin da ya tsaya, don haka ba abin da za su koya daga hotunana. Na daure fuska na ce ni gaskiya ba ni da irin wannan aikin. Bishir da ke bayana ya yi tari, a cikin tarin na ji "Sai-rani" ƙarara. Hajiya ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce, "Gobe ƙarfe goma akwai wuri. Ka yi tunani."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ce wa Bishir mu kama hanyar gida. Amma na zauna zaman yamma, kuma abin da na gani ya sanyaya mani jiki. Wani farfesa mai farin kai, wanda aka ce ɗalibanshi sun cika ƙasarsu, ya tashi ya nuna hoton bangon wata madatsa da ya zame, ya ce shi ya yi lissafin, kuma ga inda ya yi ganganci. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi tsaki. Rubutu kawai suke, suna tambaya. Na tuna yadda muke yi a gida in aiki ya faɗi: a ce ruwan bana ya yi yawa, a ce haka Allah ya so, kowa ya kama gabanshi.

Washegari ƙarfe goma na tsaya.  Na faɗi na farko, na faɗi na biyu, na ce kuma saura dama ɗaya mutanena suka ba ni. Tambayoyi suka fara zuwa ta kunne.

"A kan me ka ɗora fandisho?"

"Marmara."

"Kaurinta nawa?"

Na ce ban auna ba.

"Me ke ƙarƙashinta?"

Na ce ba mu da injin huda ƙasa, aikin gayya ne. Farfesan nan ya ce, "Ba wanda ya taɓa haƙa rami kusa da wurin? Ko masai, ko rijiya?"

Sai a lokacin na tuna da jakar da ke jingine da ƙafata. Tsoron jandarma ya sa ko ina da ita nake yawo. Na durƙusa na fito da ƙulli uku na jera a tebur. Tabɗi! Mutanen da suka saurari labarin rushewar aikina ba su motsa ba, suna ganin ƙasa suka bar kujerunsu suka yanyame teburin. Farfesa ya murza rairayin a yatsa, ya sa kaɗan tsakanin haƙoranshi ya tauna. Hajiya ta sa aka kawo farantin shayi, ta zuba rairayin, ta ɗora ɓallin marmara a kai, ta danna da yatsa, bai motsa ba. Sannan ta tsiyaya ruwa daga gefe a hankali. Rairayin ya bi ruwa ya sulale, marmarar ta karkace ta zauna, daidai yadda na biyun nan ya zauna a rafinmu.

"Ga kwalbatinka," ta ce da Hausa.

Abin da na kasa ganewa shekara da shekaru na gan shi a farantin shayi. Kunya ta rufe ni, amma wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Ta tambayi zurfin kowanne, na karanto yadda Baba ya sa na haddace. Tafinta ya tsaya cak, bai san awon gaba ba. Na ware hannuwana biyu na nuna masu, daga yatsa zuwa yatsa, na faɗi abin da littafi ya ce tana kamawa a mita. Hajiya ta girgiza kai.

"Littafi bai shiga rijiyar ba. Da hannun wa aka auna? Mutumen dogo ne ko gajere?"

Na ce, "Hajiya, sunanshi ma Dogo."

Ranar ce na fara jin ɗakin ya yi dariya. Da ta lafa suka zauna a kan matsalar kamar tasu. Shawarar da suka tsayar mai sauƙi ce: a fasa marmarar, a saukar da zoben siminti irin na rijiya ɗaya kan ɗaya har su taka dutse, a cika su da kankare, a ɗora kwalbatin a kansu. Amma sai an san zurfin daidai kafin a zuba zoben, don in suka gaza ana tsakiyar rairayi mai ruwa, ramin rufewa zai yi kafin a zubo wasu.

Hajiya ta ce, "Wa ya iya saukar da zobe cikin rairayi a garinku?"

"Shi."

"Ya taɓa gaya maka abin da ke ƙarƙashin marmarar?"

"Sau biyu."

Ta sunkuya ta ci gaba da rubutu. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Suna da wani ɗaki da suke ajiye ƙasar wurare a kwalabe, kowace da katinta. A katin ba a rubuta sunan injiniya, sai sunan wurin da na wanda ya haƙo. Ina tsaye ta rubuta Baba Dogo, mahaƙin rijiya, Mabai. Layin zurfi kuma ta bar shi fari. Ta ce, "Ka je ka auno shi. Ranar da ka aiko mana, ranar za mu duba maganar takardarka." Haka na baro Yamai hannu rabbana, sai wata 'yar wasiƙa mai hatimi da ta ba ni don jandarma, mai shaida cewa ƙasa ƙulli uku ta isa inda za ta.

Ku da kuke tambaya, ku sani tsayuwar Yamai ba komai ba ce. Can baƙi ne, kuma ta bakin tafinta. Mai wuyar ita ce ta ƙofar gidan mai unguwa, bayan la'asar, da Hausa, gaban mutanen da suka ɗauki dutse a ka sau biyu saboda maganata. Na ce masu ba siminti ba ne, ba birkila ba ne, ba ruwa ba ne. Na ce ni ne. Na ce Baba Dogo ya faɗa mani sau biyu na yi mashi dariya.  Malam Audu, wanda bayanshi bai koma daidai ba tun gayyar farko, ya ce, "To ai da ka faɗi haka tuntuni, Lawali." Na ce gaskiya ne. 

Sannan na zaro tef na roƙi Baba ya taso.

"Ni za ka auna?"

"Ku, Baba."

Ya jingina da bangon zaure ya ware hannuwanshi, mai unguwa ya riƙe bakin tef a kan yatsanshi na dama, na ja zuwa na hagu. Ya zarce na littafi da kusan taƙi guda. Da lissafin littafi na bi, da kowane rami ya gaza da zobe ɗaya. Na faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Baba ya sauke hannuwanshi yana kallonsu, ya ce, "Rijiya nawa na shiga da su, ba wanda ya taɓa tambayar tsawonsu."

Bayan girbi jama'a suka fito, ba kamar da ba, amma sun fito. Kwana huɗu ana dukan marmara kafin ta fashe, kuma tana fashewa sai ga rairayi na tsatsar ruwa. Mutane suka riƙa zuwa suna leƙawa suna komawa. Baba ya zauna bakin ramin a kan buhu, mahaƙan da ya koyar tun suna samari suna ciki, shi ke cewa a ƙwaƙule nan, a dakata can. Ni aikina ya koma gwama kankare da riƙe tef. A zoben da muka lissafa diga ta yi ƙara a kan dutse.

Takardar ta zo daga baya, tunda ita kuke son ji. Tana cikin durowa, ban kai ta wurin mai gilashi ba.

Da damina ta zauna, aka wayi gari ranar kasuwa da ruwan da tun asuba yake zuba. Yana tsagaitawa na hau mashin na nufi rafin. Rafin ya cika ya yi ja, yana wucewa ta cikin kwalbatin da ƙugi. Mutane sun taru a gaɓa ta can da kayansu, kowa da sanda a hannu, ana jiran wanda zai fara. Na hau na tsaya a tsakiya ina leƙen gefe, ina neman tsaga.

Sai ga Baba Dogo ya ratso ta cikinsu, yana kore da jakinshi da buhu biyu na dawa. Bai tsaya ba, bai ƙwanƙwasa ba, ko ƙasa bai kalla ba. Ya zo daf da ni, shi da tun ina yaro Lawali yake ce mani.

"Injiniya, matsa mani hanya, kasuwa za ni."

Na matsa. Sai da na ƙara matsawa, don duk gari na biye da shi.